Da Kai Ko Ba Kai, Zan Hau Hayla

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Elmaz ne da kaka, ba a daɗe da sauko da shanu daga dutsen Hayla ba. Ya sunkuya zai sa takalmi a ƙofar masallaci, bai ƙara sanin inda yake ba sai a gadon asibiti. Da aka sallamo shi, hannun hagu ya mutu, ƙafar sai ja, baki ya karkace, magana na fita da ƙyar kamar yana tauna ta. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana gadin daji, wanda babu kwazazzabon da bai sani ba tsakanin garinsu Rojaye da kan iyaka, ya koma zaman kujera a wani gida da 'yarsu Mersiha ta kama musu a cikin gari. Hunturun nan kaf bango ya zuba wa ido. Matarsa Zumreta ta yi masa wanka, ta yi masa aski, ta yanka masa nama ƙanana a faranti, shi kuwa ko sannu.

Motarsa tana gidan Shefko, ƙanen Zumreta, wanda yake bakanike. An tura ta ƙarƙashin bishiya, kaji sun mayar da ita masauki. Tsohuwar jif ce ƙirar Rasha, mai jan taya huɗu, ta girmi Mersiha. Da ita suke hawa rugarsu ta kan dutse duk shekara idan dusar ƙanƙara ta narke, su zauna a bukkar katako suna tatsa suna yin cuku har sanyi ya koro su.

Mersiha ta zo ƙaramar Sallah daga Jamus, inda take aikin jinya. Kashegarin Sallah ta sami uwar a kicin tana murza ƙullun pita, burodinsu mai falle-falle, ta ja kujera.

"Mama, na sami wanda zai ɗauki motar. Shanun ma an ce akwai masu so."

"Wa ya ce miki na sayarwa ne?"

"To me za a yi da su? Baba ya gama hawan dutse."

"Bana ma za mu hau, in Allah ya yarda."

Mersiha ta yi dariya, da ta ga fuskar uwar sai ta haɗiye sauran. "Da wannan akwalar? Haba Mama! Motar da in an taka birki sai ta ja dama kamar jakin da ya hango gida? Ana hango titi ta ƙarƙashin ƙafa. Hayaƙin salansa a ciki yake ƙarewa, ni tun ina yarinya nake amai a cikinta. Bel ɗin kujera ya ruɓe. Kujerar kanta benci ce, mai lafiya ma sai ya kwana yana gasa baya. In ta kife, rufin nan ba zai tare ko kaza ba. Kuma wa zai ɗaga Baba ya sa shi ciki? Ke? Wa zai tuƙa?"

Zumreta ta ci gaba da murza, ƙullun na faɗaɗa yana yin siriri har ana ganin zanen tebur ta cikinsa.

"Kin gama?"

"Sitiyarin ma sai ƙato."

"Yawwa, da sitiyari. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ni dama ban san ta inda zan fara ba, ga shi kin jero min."

"Mama, ba wasa nake yi ba. Ni nake jinyar irinsu kullum. Faɗuwa ɗaya ce tsakaninsa da kabari."

"Ni kuma nake kwana da shi. Ki je ki leƙa idonsa ki gaya min ko wannan ɗakin ba kabari ba ne."

Mersiha ta koma Jamus ba su shirya ba. Ranar da ta tafi, Zumreta ta ɗaura kallabi, ta sa tsohuwar rigar sanyin Elmaz, ta nufi garejin ƙanenta.

Shefko ya saurare ta yana goge hannu da tsumma. Ya dubi motar, ya dubi yayarsa.

"Yaya, wannan ba gyara take so ba, sallar gawa take so."

"Injin na tashi?"

"Injin kam ko an binne shi zai tashi. Sauran ne ba mota ba."

"To sauran za ka yi min."

"Mersiha ta kira ni. Ta ce in kin zo in kore ki."

"Mersiha ce ta goya ka ko ni? Kore min kajin nan, ka ɗauko jak."

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ta tsaya a kansa tun ciyawa ba ta fito ba. Kullum in ta ba Elmaz karin kumallo ta gyara shi, sai gareji. Suka fara da birki, Shefko ya fidda tsofaffin bututai da tsatsa ta cinye, ya ja sababbi. Ya sa tayoyi masu manyan haƙora, ya canza shokozoba huɗun, ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan motar ya liƙe da walda, ya sake salansa ya fitar da bakinsa can baya. Ya samo bututun ƙarfe mai kauri, ya lanƙwasa shi daga ƙasa ya zagayo rufi ta ciki, kamar haƙarƙari. Sitiyarin ya ba shi wuya har ya yi ta zagin wanda ya ƙera shi, amma ya samo ɗan injin taimako a wurin 'yan gwangwan ya ɗaura masa, sai ga shi yana juyawa da hannu ɗaya.

Zumreta ba kallo ta zo ba. Ita ta kankare tsatsa da burushin waya har hannunta ya yi kanta. Ita ta shimfiɗa bargon ulu ƙarƙashin tabarmar roba don rage ƙara da sanyin ƙarfe. Ita kuma ta yi ta zagaya wurin 'yan gwangwan har ta gano wata matacciyar motar ɗaukar nakasassu, da kujera a ciki mai juyowa waje ta sauko ƙasa kaɗan. Ta zauna a kanta ta ƙi tashi sai da aka kwance mata. Shefko ya kafa ta a gefen mai zaman banza, da bel mai kama kafaɗu biyu da ƙugu, ya yi matakala a ƙofa, ya sa mariƙi a sama daidai hannun dama. Zumreta ta ɗinka matashin fatar tunkiya da zai tokare ɓarin da ya mutu, kada ya riƙa zubewa in an sha kwana.

Duk wannan Elmaz bai sani ba, sai ran da Shefko ya zo gaishe shi baki ya suɓuce masa. Bayan ya fita, Elmaz ya buga sanda a ƙasa.

"Wa... ya taɓa min mota?"

Rabon da ya haɗa kalma huɗu a jere tun kaka. Zumreta ta ɗaure fuska kada ya ga murnarta.

"Ni ce."

"Kujerata?"

"Taka tana nan, ni zan zauna a kai. An yi maka wata a gefe."

Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuya ta tashi. Abin da ta tsinta a ciki shi ne ba mai ɗaure shi kamar rago, mace ta ja shi ta tsakiyar gari, ta gaban gidan gahawa, abokansa su Ramo suna kallo. Gara ya mutu a nan.

"Au, su Ramo ne damuwarka? Ni na ɗauka tsoron dutsen kake ji, ashe kunya ce." Ta ɗauke farantin gabansa. "To ka ji, tsoho. Shanu sun riga sun tafi da maƙwabta, maƙwabciyarmu Nafiya na tatsar min kafin in iso. Ni ba zan yi bazara a cikin akwatin nan ina jin rediyon mutanen saman bene ba. Da kai ko ba kai, zan hau Hayla."

Ya juya wa bango fuska. Ita ma ta juya masa baya, amma a kicin ta daɗe tsaye tana riƙe da faranti ba ta wanke ba.

Tuƙi ba baƙonta ba ne. Tana da lasin tun tana aiki a masana'antar katako, kuma ta sha jan motar nan a filin ciyawa. Hanyar Hayla ce ba ta taɓa riƙe sitiyari a kanta ba. Don haka ta fara gwaji. Ta ɗora buhun gishirin shanu a sabuwar kujera, ta ɗaure shi da bel, ta riƙa hawa tana dawowa, yau ta kai injin yankan katako, gobe ta wuce gadar itace. In ta dawo sai ta ajiye motar daidai tagar Elmaz, ta bar injin yana kaɗawa kafin ta kashe. Labulen bai taɓa motsi ba.

Kafin hawan ƙarshe, hanyar takan gangara wani rafi, da kwana a tsakiyar gangaren, wadda ake kira Wuyan Akuya. Ranar da ta kai nan an yi ruwa da safe, jar ƙasar ta zama sabulu. Ta ji motar na ƙara gudu, gabanta ya faɗi, ta danne kuloci da birki gaba ɗaya. Bayan motar ya zagayo a hankali, kamar mai neman ganin fuskarta. Tayar dama ta faɗa kwalbati, duniya ta karkace, sai ƙarar gilas da ƙarfe.

Da ta buɗe ido, motar na kwance a kan ɓarin dama, ta jingina da wata bishiya. Ita tana rataye a bel, kallabi ya rufe mata ido ɗaya. Buhun gishiri na ƙasa da ita, yana nan ɗaure a kujerarsa, ko yagewa bai yi ba. Rufin ya lotsa har ya taɓa bututun Shefko, ya tsaya nan. Ta kashe injin. Ta yi salati, ta sake yi.

Masu saran itace ne suka ji ƙarar suka zo da tarakta, suka fito da ita ta taga, suka tayar da motar. Kafin la'asar labari ya gama Rojaye, kafin magariba ya kai Jamus. Mersiha ta kira tana kuka tana faɗa.

"Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho! Da Baba na ciki fa? Da yanzu me za ki ce min?"

Zumreta ta ajiye wayar a kan tebur, ta bar Mersiha tana ta magana ita kaɗai. Shefko ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, mun gwada. Allah ya tsare, a bar shi haka." Kafaɗarta ta yi baƙi inda bel ya kama ta, kuma duk sanda ta rufe ido sai ta ga bayan motar yana zagayowa. A karon farko ta ji a ranta cewa wataƙila yarinyar ce da gaskiya.

Ta kai wa Elmaz miyar wake. Ta ajiye za ta fita, sai ta ji muryarsa.

"Wace... giya?"

Ta juyo. Ba bango yake kallo ba, ita yake kallo.

"Ta biyu."

"Babba... ko ƙarama?"

Motar tana da ƙaramar sanda kusa da giya, wadda in an tura ta sai ta riƙa rarrafe kamar kunkuru. Zumreta ta sunkuyar da kai. "Babba."

"Kin taka kuloci."

"Na taka."

Ya rufe ido kamar wanda aka soka wa allura. "Shekara da shekaru... kina gefena. Barci kike yi?"

"Riƙon tukwane nake yi kada su fashe, da 'yarka tana min amai a cinya!"

"A Wuyan Akuya... ba a taɓa kuloci. Ƙarama. Ta ɗaya. Ƙafa a ƙasa. Injin ke riƙe ta." Ya huta, ya goge gefen baki da hannun dama. "Za ki kashe min mota."

Tsoron da ya wuni a cikinta ya juye ya zama fushi, kuma fushin ya fi daɗi. Ta riƙe ƙugu.

"Sosai ma. Jibi zan koma, in sake kifar da ita, tunda mai ita yana nan yana gadin bango. In ka isa, zo ka hana ni."

Ya daɗe yana hararar ta. Sannan ya ce, "Kira Shefko."

Sai da aka buge rufin, aka sa sabon gilas, Shefko ya duba ƙasan motar noti bayan noti yana gunaguni cewa da mahaukata ya haɗa jini. Ranar tafiya Shefko ya kawo motar da sassafe. Aka juyo kujerar waje, Elmaz ya taka matakala da ƙafar kirki, ya kama mariƙi, Zumreta ta tallafi ɗaya ɓarin, sai ga shi zaune. Ta tura kujerar ta koma ciki ta ce ƙas. Ta ja bel ta kafaɗunsa, ta cusa matashin fatar tunkiya. Ya shafa ƙarfen da ya zagaye rufi, ya taɓe baki.

"Waldar Shefko... kamar kashin kaza."

"Kashin kazar ne ya dawo maka da mata," in ji Shefko. "Allah ya kiyaye hanya."

Akwai hanyar bayan gari da ba ta bi ta kasuwa. Zumreta ba ta bi ta ba. Ta miƙe babban titi, ta zo daidai gidan gahawa inda tsofaffi ke zaune a waje suna shan hantsi, ta taka birki, ta danna oda.

"Me kike yi?" Elmaz ya faɗa ta cikin haƙora.

"Gaisawa za ku yi. Ba kyau a wuce mutane."

Suka taso da kofunansu a hannu. Ramo, abokinsa tun na makaranta, ya leƙo ta taga, ya dubi bel ɗin, ya dubi Zumreta a sitiyari.

"Kai, Elmaz! An ɗaure rago tun babbar Sallah ba ta zo ba?"

Kowa na jiran ya ga yadda zai ɗauka. Zumreta ta ƙanƙame sitiyari. Elmaz ya tattara bakinsa a hankali.

"Ni an ɗaure ni... za ni Hayla. Kai ba ɗauri... ka kasa wuce ƙofar nan."

Wurin ya fashe da dariya, Ramo ya fi kowa, har gahawa ta zube masa a wando. Wani ya miƙo ƙullin sukari ta taga, wani ya ce a ajiye masa cuku. Da suka bar wurin Elmaz ya ɗaga haɓa.

Daga injin yankan katako kwalta ta ƙare. A da, nan ne haƙora ke fara kaɗawa, tukwane na kiɗa a baya. Yanzu motar na hawa duwatsun tana lanƙwasa kamar raƙumi, ba hayaƙi, har suna jin maganar juna. Abin da Zumreta ta ji kuwa duk faɗa ne. Ta yi dama da yawa. Ta shiga ramin da ko makaho zai kauce. Wa ya koya mata canza giya a tsakiyar hawa? Ta rama wasu, ta haɗiye wasu.

A saman gangaren Wuyan Akuya ta tsaya. Ga bishiyar can ƙasa, da farin tabo inda motar ta ɓare mata ɓawo.

"Ƙarama," in ji Elmaz, wannan karon ba da faɗa ba. Ta tura sandar. "Ta ɗaya. Ɗauke ƙafa. Duka biyu."

"In ta gudu fa?"

"Ba ta gudu. Na san ta."

Ta ɗauke ƙafafun, ta dafe su a ƙasa da ƙarfi kamar za su tashi da kansu. Injin ya yi gurnani, motar ta fara sauka taku-taku. Kwanar ta zo, ta juya sitiyari, bishiyar ta wuce ta gefen Elmaz har zai iya taɓa ta. Suka tsallake rafin, ruwa na fantsama, suka kama hawan ƙarshe. Da itatuwa suka ƙare, fili ya buɗe, ga bukkoki, ga hayaƙi na tashi daga ta Nafiya, ga shanunsu uku a cikin ciyawa da ƙararrawa a wuya. Elmaz ya ce ta tsaya. Ta tsaya. Ya juya fuska wajen taga ya daɗe, ita kuma ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

Hannun bai dawo ba, ƙafar ma haka. Amma ya yi baƙi da rana, ya koma cin abinci kamar mai noma, kuma daga bencin ƙofar bukka yake mulkin duk rugar da sandarsa, yana gaya wa kowa inda ya yi kuskure. Mersiha ta zo a tsakiyar bazara, Shefko ya kawo ta. Ta tarar da uban yana zagin wata saniya da ta shiga lambun albasa. Ta gwada masa jini, ta duba ƙafarsa, ta zagaya bayan bukka ta jima. Da ta fito idonta ja, ta je ta jijjiga kujerar motar, ta ja bel ɗin da ƙarfi.

"Har yanzu ban yarda ba, Mama."

"Ban nemi yardarki ba. Zo ki ci abinci."

"Ku sauko kafin dusar ƙanƙara. Wannan kam ba roƙo nake yi ba."

"Mun ji."

Su ne na ƙarshen saukowa a shekarar, bayan dusar farko ta rufe rufin bukkoki. Ba a yi mako ba Zumreta ta sake bayyana a garejin Shefko. Yana ƙarƙashin wata mota, takalmanta kawai ya gani ya gane ta.

"Yaya, me kuma ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Sarƙar taya nake so, ta huɗun. Da irin injin nan mai igiyar ƙarfe da ake ɗaurawa a gaba, wanda mota ke jan kanta da shi in ta kafe."

Ya turo kansa waje. "Wa zai hau Hayla da hunturu?"

"Rufin bukkar ya tsufa. In dusa ta taru a kai zai rufta, sai an je an share."

"Shi Elmaz ya san da wannan haukar?"

"Shi ya aiko ni. Ya ce kuma ka duba hita, ƙafarsa na jin sanyi."

Shefko ya kwanta rigingine yana kallon rufin gareji, ya ja dogon numfashi. Sannan ya miƙa hannu.

"Miƙo min makullin. Kuma in Mersiha ta kira, ba ki gan ni ba."